Tarihin Marigayi Alhaji Abubakar Imam, Mutumin Da Ya Mai Da Magana Jari

Da wuya a sami wanda ya shiga makarantar boko a ƙasar Hausa, tun daga Sakkwato har zuwa unguwannin Kakuri da Barnawa na ƙetaren kogin Kaduna, wanda bai taɓa riƙe littafin Magana Jari Ce ko Ruwan Bagaja ba. Amma da yawa daga cikin masu karatun sun san aku da Malam Zurƙe fiye da yadda suka san mutumin da ya sa su a takarda, watau marigayi Alhaji Abubakar Imam.

An haifi Abubakar Imam a garin Kagara, wanda yake cikin Jihar Neja a yanzu, a shekarar 1911. Gidansu gidan malanta ne. Mahaifinsa, Malam Shehu Usman, malami ne masanin shari'a, saboda haka yaron ya buɗe ido da allo da tawada, ya kuma sami Larabci tun kafin ya san baƙaƙen Turawa. Wansa, Malam Bello Kagara, wanda daga baya ya zama Walin Katsina, ya riga shi shiga aikin koyarwa. A Katsina Abubakar ya yi karatun boko, ya shiga Kwalejin Horon Malamai a 1927, ya gama a 1932, sa'an nan aka ba shi aikin koyarwa a Makarantar Midil ta Katsina.

A wannan zamani rubutun boko yana cikin wani hali mai wuya. Mutane suna ƙyamarsa, suna ganin rubutun Nasara ne, ga shi kuma wanda ya daure ya koya ba ya samun abin karantawa sai littattafan aji. Malamai sun saba rubuta waƙoƙin wa'azi da ajami, amma tatsuniya da ƙagaggen labari ana ɗaukarsu aikin mata da yara ne da dare, ba abin da malami zai ɓata tawadarsa a kai ba. Domin a magance wannan ne Dokta Rupert East, shugaban Hukumar Talifi ta Zariya, ya zaga manyan garuruwan Arewa a 1933, ya shirya gasar rubuta labarai da Hausa. Littattafai biyar suka fito daga wannan yunƙuri: Ruwan Bagaja na Abubakar Imam, da Ganɗoki na wansa Bello Kagara, da Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa, da Idon Matambayi na Muhammadu Gwarzo, da kuma Jiki Magayi wanda John Tafida ya rubuta tare da East. A lokacin nan shekarun Imam 22 kacal.

Ruwan Bagaja labari ne na wani Alhaji Imam da ya bar gida ya shiga duniya neman wani ruwa mai warkar da cuta, yana ta haɗuwa da abokin hamayyarsa Malam Zurƙe, yau wannan ya yi wa wancan dabara, gobe wancan ya rama. Abin da ya ja hankalin East shi ne yadda Hausar littafin take gudana kamar hirar dandali, ga ban dariya, ga karin magana a inda ya dace. Saboda haka a 1936 ya nemi a ba shi aron wannan matashin malami. Imam ya zo Zariya, ya zauna wajen wata shida yana rubutu, abin da ya haifar da littattafai uku na Magana Jari Ce, waɗanda aka buga tsakanin 1937 da 1939.

Jigon littafin na ɗaya shi ne wani aku da yake ba ɗan sarki labarai dare bayan dare, domin ya hana shi fita ya faɗa tarkon da Waziri ya ɗana masa. A na biyu akun ya yi gasar ba da labari da wani aku ɗan'uwansa, a na uku kuwa ya zauna yana koya wa ɗansa zaman duniya. Ba ɓoyayyen abu ba ne cewa da yawa daga cikin labaran an ɗebo tushensu daga waje, daga Alfu Laila da sauran littattafan Larabawa, da tatsuniyoyin Indiya da na Turai irin waɗanda 'yan'uwan nan Grimm na Jamus suka tattara. Masana sun daɗe suna bin diddigin wannan, wasu ma suna ganin aron ya rage wa aikin daraja. Amma duk wanda ya gwada labaran da asalinsu zai ga an sāke musu gari da suna da ɗabi'a, an sa musu sarki da alkali da dogari, da mahauci da Bafillace mai shanu, har ba mai jin ƙanshin baƙunta a jikinsu. Wannan sarrafawa ita ce gwanintar Imam.

A watan Janairu na 1939 aka fara buga jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo a Zariya, aka naɗa shi editanta na Hausa na farko, ya riƙe wannan aiki shekara 12. Aiki ne mai tsananin wuya, domin jaridar ta Gwamnatin mulkin mallaka ce, masu karatunta kuwa talakawa ne da malaman makaranta da ma'aikatan En'e, ga kuma sarakuna suna sa ido. In ya yi sanyi jama'a su ce ɗan koren Turawa ne, in ya yi zafi hukuma ta taka masa burki. Ya bi tsakani da hikima, ya buɗe filin wasiƙun masu karatu, ya riƙa shigar da gyara cikin raha da habaici. A zamanin Yaƙin Duniya na Biyu ta bakin wannan jarida ne mutanen Arewa da yawa suka riƙa jin labarin fagen fama.

A 1943 ya shiga ayarin 'yan jaridun Afirka ta Yamma da aka gayyata Ingila, tare da Nnamdi Azikiwe. A can ya gana da Lugga, tsohon Gwamnan Nijeriya, ya bayyana masa damuwar matasan Arewa masu ilmi game da yadda ake tafiyar da mulkin En'e ba tare da an saurare su ba. Haka kuma bai sa hannu a takardar neman mulkin kai da Azikiwe ya shirya ba, domin yana ganin Arewa ba ta kai Kudu yawan masu ilmin boko ba tukuna. Labarin wannan tafiya shi ne ya rubuta a littafinsa Tafiya Mabuɗin Ilmi, wanda ya fito a 1944, yana kuma cikin littattafan farko na labarin tafiya da aka buga da boko.

Yana daga cikin waɗanda suka kafa Jam'iyyar Mutanen Arewa, wadda ta yi babban taronta na farko a Kaduna a 1949 a matsayin ƙungiyar al'adu, kafin ta zama jam'iyyar siyasa a 1951. A wannan shekara ya shiga Majalisar Dokoki ta Jihar Arewa, amma bai daɗe cikin siyasa ba. Ya koma aikin hukuma, ya yi shekaru a Hukumar Ɗaukar Ma'aikata ta Arewa a Kaduna, a daidai lokacin da ake ƙoƙarin cike gurbin Turawa da 'yan ƙasa. Da aka kafa kamfanin ɗab'i na NNPC a Zariya a 1966 yana cikin shugabanninsa na farko, a shekarun 1970 kuma ya zama Kwamishinan Sauraron Koke-koken Jama'a. Duk da waɗannan ayyuka bai ajiye alƙalami ba. Ya rubuta Ikon Allah tare da East domin koyar da kimiyya da Hausa, ya kuma rubuta Tarihin Annabi Kammalalle. Jami'ar Ibadan ta ba shi digirin girmamawa na dakta.

Allah ya yi masa rasuwa a Zariya ranar 19 ga Yuni, 1981, yana da shekara 70. Bayan rasuwarsa gidan talabijin na NTA Kaduna ya mai da Magana Jari Ce wasan kwaikwayo, a 1989 kuma aka buga tarihin rayuwarsa da ya bari da Turanci, wanda Alhaji Abdurrahman Mora ya shirya.

Ya tarar da boko abin ƙyama, ya bar shi abin da uba yake saya wa ɗansa da kuɗinsa. Abin da ya rage ga na baya shi ne su tabbatar littattafan nan ba su ɓace daga makarantu da gidaje ba, domin yaron da bai saba karatu da harshensa ba da wuya ya ji daɗinsa da harshen wani. Allah ya jiƙan Alhaji Abubakar Imam, ya sa Aljanna ce makomarsa, amin.