Malam Muhammadu al-Katsinawi, Gwanin Lissafi da Ya Rasu a Masar

Jama'a masu karatu, musamman ƴan kasuwarmu na Dogon Dutsi da Tibiri, yau filin namu zai waiwayi wani bawan Allah da ya fito daga Katsina, sunansa ya kai har Alƙahira saboda sanin lissafi. Shi ne Malam Muhammadu ɗan Muhammadu al-Fulani al-Katsinawi.

Ya yi karatu wajen manyan malaman zamaninsa, cikinsu har da Malam Muhammadu al-Wali na Bagirmi. Bayan fiƙihu da nahawu, ya ƙware a ilimin hisabi da na taurari. Wajen shekarar 1730 ya tafi aikin hajji, daga can ya wuce Masar ya zauna.

A 1732 ya rubuta littafi da Larabci a kan hatimi, wato zanen nan mai gidaje da ake zuba wa lambobi, kowane layi aka tara, tsaye ko kwance ko a karkace, jimla ɗaya za a samu. Mun san ana amfani da hatimi wajen asiri, wannan kuwa mun bar wa malamai hukuncinsa. Mu lissafin da ke ciki ne ya ja hankalinmu.

A ɗauki hatimi mai gida uku a kowane layi. Lambobinsa daga 1 zuwa 9 ne, jimlarsu 45, in aka raba wa layi uku kowanne ya sami 15. Akwai kuma gajeriyar hanya: a ninka 3 sau 3, a ƙara ɗaya, an sami 10; a ninka sau 3, a raba biyu, ga 15 ta fito. In mai gida biyar ne, hanyar nan za ta ba da 65. Wannan ƙa'ida, in aka sa harafi a madadin lambar don ta yi aiki a kowane hatimi, ita ce irin aljabarar da ƴaƴanmu ke kuka da ita a kwaleji.

Malam ya rasu a Alƙahira a 1741, a gidan Shaihu Hasan al-Jabarti, wanda ya bar wa littattafansa. Ɗan mai gidan, Abdurrahman al-Jabarti, ya sa tarihinsa cikin babban littafinsa na tarihin Masar.

To, iyayenmu mata, ku da kuke mai da tamma ɗari dala ashirin ba takarda ba alƙalami, ai raba lamba gida biyar kuke yi kullum. In yarinya ta dawo gida tana cewa lissafi ya gagare ta, kada mu yi saurin ɗora mata faranti mu ce abin na Nasara ne. Mu ba ta labarin Malamin Katsina, mu mai da ita aji.

Allah ya jiƙan Malam, ya sa wa zuri'armu albarka, amin.