Sifriyan na Kartej da Shekara ta 258

A shekara ta 258 bayan haihuwar Almasihu, Baleriyan Sarkin Roma ya ba da doka a kashe shugabannin ikkilisiya. A watan Agusta aka kashe Sistus, Bishop na Roma. Labarin ya iske Sifriyan, Bishop na Kartej, a ƙasar Tunisiya ta yau.

Sifriyan attajiri ne mai ilimi, wanda ya ba da gaskiya wajen shekara ta 246, ya rarraba wa matalauta dukiyarsa. A tsananin 250 ya ɓuya, har waɗansu suka zarge shi da tsoro. Wannan karon kuwa ya zaɓi ya mutu a gaban garkensa. Ya ƙi miƙa hadaya ga allolin Roma, aka sare kansa ran 14 ga Satumba.