Sarkin Musulmi Muhammadu Bello da dabarar ribaɗi

A cikin shekaru 20 da Muhammadu Bello ya yi yana Sarkin Musulmi, daga 1817 zuwa 1837, da wuya a sami rani guda da bai ɗaura sirdi ya fita yaƙi ba. Marubutan tarihin Sakkwato sun ƙidaya masa yaƙe-yaƙe fiye da 40.

Mahaifinsa, Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, ya bar masa ƙasa mai faɗi wadda aka ci cikin 'yan shekaru, amma ba ta da sojoji na dindindin. Gobirawa da Kabawa da Zamfarawa da Azbinawa kuma duk suna kusa, suna jiran ranar ramuwa.

Dabarar da ya fito da ita don tsare wannan ƙasa ita ce ribaɗi, wato kafa garuruwa masu ganuwa a bakin iyaka, a zaunar da mutane a cikinsu suna noma suna gadi.

Daga Degel zuwa Alƙalawa

An haifi Muhammadu Bello a shekarar 1781, sunan mahaifiyarsa Hauwa'u. Ya tashi a Degel cikin ƙasar Gobir, ya kuma yi karatu a gaban mahaifinsa da baffansa Abdullahi ɗan Fodiyo.

Bai wuce shekara 23 ba lokacin da jama'ar Shehu suka yi hijira zuwa Gudu a watan Fabrairun 1804, bayan da dangantaka ta ɓaci tsakaninsu da Sarkin Gobir Yunfa. A watan Yuni na wannan shekara suka yi galaba a Tabkin Kwatto.

Nasarar ba ta daɗe ba. Kafin shekarar ta ƙare an yi musu mummunar ɓarna a Tsuntsuwa, kusa da Alƙalawa, inda aka kashe mutane kimanin 2,000, cikinsu har da mahaddata Alƙur'ani wajen 200. A 1805 kuma aka sake karya su a Alwasa, har abokan gaba suka iso bakin Gwandu.

Abin da ya fi takobi cin jama'ar a waɗannan shekaru shi ne yunwa. Ba su da gari nasu mai rumbuna, sai abin da suka samu a hanya, kuma duk ƙauyen da rundunar ta cinye wa hatsi ya zama maƙiyi. Wanda ya ga wannan da idonsa yana saurayi, ba abin mamaki ba ne idan daga baya ya riƙa haɗa zancen tsaro da zancen gona.

A wajajen 1805 zuwa 1806 Bello ya wakilci mahaifinsa a taron Birnin Gada, inda jagororin jama'a daga ƙasashen gabas, ciki har da Katsina da Kano, suka yi mubaya'a. A watan Oktoban 1808 ya jagoranci rundunar da ta ci Alƙalawa, aka kashe Yunfa. Shekara guda bayan haka ya fara gina Sakkwato a kan tudu, kusa da mahaɗar gulbin Rima da na Sakkwato.

A 1812 Shehu ya raba aikin mulki, ya ba Abdullahi yamma, ya ba Bello gabas. A wannan shekarar ne Bello ya kammala Infaƙul Maisuri, littafin da har yanzu masana ke dogara da shi wajen sanin yadda jihadin ya gudana.

Sarauta cikin tawaye

Shehu ya rasu ranar 20 ga watan Afrilun 1817, aka yi wa Bello mubaya'a a Sakkwato tun kafin baffansa ya iso daga yamma. Abdullahi ya tarar da ƙofofin gari a rufe, ya juya. Sai bayan 'yan shekaru, lokacin da Bello ya kai masa ɗauki a yaƙin Kalambaina, suka daidaita.

Tawayen da ya fi tsanani ya fito ne daga cikin gida. Malam Abdussalami, ɗaya daga cikin almajiran Shehu na farko, wanda harin da aka kai wa mutanensa a Gimbana na cikin abubuwan da suka haddasa jihadin, ya ja daga a Kware, arewa da Sakkwato kaɗan. Ƙorafinsa ya shafi yadda aka raba ƙasa da iko. Sun yi musayar wasiƙu da Bello, ba a dace ba, a farkon 1818 aka ci Kware da yaƙi, shi kuma ya rasu sakamakon raunin da ya samu.

Wannan ya nuna wa Bello cewa abokin gaba na iya tasowa daga tafiyar yini guda. Rundunarsa kuwa ta masu sa kai ce. Da damina ta faɗi manomi zai koma gona, makiyayi ya bi garkensa, iyaka ta zauna ba mai tsaro.

Yadda ribaɗi ke aiki

Ribaɗi tsohuwar kalma ce a fiƙihu, tana nufin zaman dako a bakin iyakar Musulmi, kuma Bello ya yi rubutu a kan falalarsa da hukuncinsa. Abin da ya ƙara shi ne mayar da shi tsarin mulki.

Akan zaɓi wuri a kan hanyar da mahara suka saba bi, galibi kusa da fadama, a kewaye shi da ganuwa, a gina masallaci da makaranta, a naɗa alƙali da limami. Sai a kawo manoma da maƙera da masaƙa da marina, a ɗora wani daga gidan Shehu ya shugabance su. Ɗansa Aliyu ya zauna a Shinaka, ɗansa Fodiyo kuma a Lajinge, ta fuskar Gobir.

Shi kansa bai tsaya a Sakkwato yana aika wasu ba. Ya gina Wurno a kwarin Rima, kimanin kilomita 30 arewa maso gabas da birnin, ya mayar da ita mazauninsa a shekarunsa na ƙarshe.

Sashen da ya fi wuya shi ne na makiyaya. Bello ya ga cewa mutumin da ke yawo da shanu ba ya samuwa ranar da ake nemansa, yaransa ba sa zaman karatu, kuma alƙali bai san inda zai same shi ba. Don haka ya matsa wa Fulanin daji su zauna a gari, su rage dogaro da shanu, su ƙara kiwon dawaki da raƙuma da tumaki da awaki. Dawakin nan su ne ƙarfin yaƙi na zamanin. Wasu sun amsa, wasu kuma suka ƙara nisa cikin daji.

Akwai kuma gefen da masu yabo ba su cika ambata ba. Da yawa daga cikin waɗanda suka yi noma suka gina ganuwar waɗannan garuruwa bayi ne da aka kamo a yaƙi, kuma yaƙin rani da ake fita kowace shekara shi ke kawo su. Tsaron da wani ya samu a cikin ganuwa, wani ne ya biya shi da 'yancinsa.

Nasiha ga Katsina

Katsina ta faɗa hannun masu jihadi a 1807, Malam Ummarun Dallaje ya zama sarki. Gidan sarautar da aka kora bai watse ba. A wajajen 1819 Ɗan Kasawa ya kafa zama a Maraɗi, daga nan kuma hare-hare suka riƙa saukowa kudu.

Ummarun Dallaje ne Bello ya rubuta wa Usulus Siyasa, risala mai ƙunshe da tushe bakwai na mulki. A cikinta ya ja hankalinsa ga raya ƙauyuka da masu sana'a, da tanadin abinci, da gina garuruwa masu kariya, da gyaran hanyoyi da kasuwanni. Ga sarkin da Maraɗi ke numfashi a ƙeyarsa, wannan nasiha ce ta yaƙi ko da ba a ambaci mashi ba.

Kudancin ƙasar, inda ruwa ya fi yawa kuma ƙasa ta fi kyau, shi ne rumbun masarautar. Ƙasar Maska ta yi suna da auduga da saƙa tun kafin a san Funtuwa, wadda ba ta bunƙasa ba sai da jirgin ƙasa ya iso a zamanin Turawa, Sarkin Maska kuma ya koma can da zama. Malumfashi ita ce mazaunin Galadiman Katsina.

Wasiƙar Barno

A watan Maris na 1824 wani Baturen Birtaniya, Hugh Clapperton, ya iso Sakkwato. Bello ya karɓe shi hannu biyu, ya yi masa tambayoyi kan addini da ilimin taurari da al'amuran Turai, ya kuma rubuta wa Sarkin Ingila George na Huɗu yana neman a aiko da jakada da likita. Amma da baƙon ya nemi wucewa zuwa Kwara, bai sami izini ba.

Da ya dawo a 1826 al'amura sun canza. Sakkwato na gab da gwabzawa da Shehun Barno Muhammadu al-Kanemi, ga kuma raɗe-raɗi a gari cewa da irin wannan ziyara Ingilishi suka fara kafin su mallake Indiya. A cikin kayan Clapperton akwai wasiƙa da kyaututtuka, har da makamai, da za a kai wa al-Kanemi.

Bello ya sa aka karɓe su, duk da fushin da baƙon ya yi. A ganinsa saƙon da ba a san abin da ke cikinsa ba bai kamata ya ratsa ƙasarsa zuwa hannun abokin gaba ba. A farkon 1827 kuwa rundunar Barno ta doshi Kano, sai Sarkin Bauchi Yakubu ya tare ta. Clapperton ya rasu a watan Afrilun wannan shekara, aka binne shi a wajen Sakkwato.

Gawakuke da abin da ya biyo baya

Yaƙinsa mafi girma na ƙarshe shi ne na Gawakuke a 1836, inda Sarkin Gobir Ali da Sarkin Katsinan Maraɗi Rauda suka haɗa kai da Azbinawa ƙarƙashin Ibra. Bello ya yi galaba, aka kashe Ali da Rauda, aka yi kisa mai yawa.

Duk da haka wutar ba ta mutu ba. Gobirawa suka kafa Tsibiri kusa da Maraɗi, Ɗan Mari ya gaji Rauda. A farkon shekarun 1840, bayan rasuwar Bello, garuruwan yammacin Katsina suka yi tawaye da goyon bayan Ɗan Mari, Sarkin Katsina Siddiku ya murƙushe su da ƙarfi. Masu tarihin Katsina na danganta faɗin dajin Rugu da garuruwan da suka zama kufai a wancan lokaci. Aka kori mutane, daji ya maye gurbinsu, wato akasin abin da Bello ya yi nasiha da shi.

Dajin nan ne ya zama maɓoyar 'yan bindigar da suka addabi jihar Katsina a ƙarni na 21. A watan Disambar 2020 aka sace ɗalibai fiye da 300 daga makarantar sakandaren kimiyya ta Ƙanƙara. A watan Satumbar 2021 aka katse layukan wayar salula a ƙananan hukumomi 13 na jihar, ciki har da Funtuwa da Bakori da Malumfashi, don hana maharan magana da masu ba su bayanai. Katsewar ta kuma hana manomi kiran ɗauki, kuma an janye ta kafin ƙarshen shekarar. A watan Oktoban 2023 gwamnatin jihar ta ƙaddamar da rundunar tsaro ta 'yan sa kai da aka ɗebo daga garuruwansu.

Bello bai daɗe ba bayan Gawakuke. Ko a shekarun yaƙi bai ajiye alƙalami ba, ya bar rubuce-rubuce masu yawa kan fiƙihu da siyasa da tasawwufi da magani, har da maganin ciwon ido. A fadarsa ne Alhaji Umaru Futi ya zauna shekaru kafin ya koma yamma ya fara nasa jihadin, kuma ya auri 'yar Bello.

Ya rasu a Wurno a watan Oktoban 1837 yana da kimanin shekara 56, aka binne shi a can cikin ribaɗin da ya gina. Ɗan'uwansa Abubakar Atiku ya gaje shi. A 1842 sarauta ta dawo hannun ɗansa Aliyu Babba, wanda shi ma ya zaɓi zama a Wurno.