Labarin Sarkin Haɗeja Sambo da Asalin Gidansa

Sambo, wanda a ke kira Sambo Digimsa, shi ne Bafilacen da ya fara zama da sarauta a cikin birnin Haɗeja, kuma dukan sarakunan da suka biyo bayansa daga tsatsonsa suka fito. Ya kamata duk mai riƙe da wani aiki na ƙasan nan, hakimi ne, ko alƙali, ko malamin ofis, ya san hanyar da gidan nan ya biyo, gama uban ya shigo ƙasar da sanda yana bin shanu, ɗan kuwa ya mutu ya bar birni da ganuwa.

Kafin zuwansu ƙasar ba a hannun sarki guda ta ke ba. Sarautun Haɓe bakwai ne: Auyo, da Haɗeja, da Garun Gabas, da Gatarwa, da Kazura, da Fagi, da Dawa. Garun Gabas ita ce Biram da a ke lissafawa cikin Hausa Bakwai. Dukansu Barno suke bi, ta hannun Galadima da ke zaune a Nguru. Haɗeja kanta ba ita ce babbarsu ba, Auyo ta fi ta suna a zamanin nan. Mutanen da sun ce wani maharbi mai suna Haɗe ya kafa ta, shi da matarsa Jiya, daga Macina ya fito, aka haɗa sunayensu aka sa wa garin.

Abin da ke jawo baƙi ƙasan nan shi ne kogi. Kogin Kano da na Calawa suna haɗuwa su zama Kogin Haɗeja, shi kuma ya gangara gabas ya gamu da na Jama'are, su nufi Tafkin Cadi. Da yake ƙasar shimfiɗaɗɗiya ce, in damina ta yi nisa sai ruwa ya fita daga hanyarsa ya malale fadamu. Manomi ya sami wurin shinkafa, masunci ya sami kifi. In ruwa ya janye da kaka, sai ya bar ɗanyar ciyawa wadda kan kai shanu har tsakiyar rani, sa'ad da ƙasashen arewa sun ƙeƙashe. Saboda haka Filani suka riƙa gangarowa, waɗansu su yi rani su koma, waɗansu kuwa su kafa ruga su zauna.

Cikin masu zaman nan akwai Harɗo Abdure, uban Sambo. Shi ma daga Macina ya taso, kamar yadda aka ce Haɗe ya yi tun da fari. Ya sauka Jarmari, mil kaɗan arewa da Haɗeja, shi da iyalinsa da dukiyarsa. Wannan ita ce ƙaura ta fari.

Babban ɗansa, Umaru, ya gaji shugabancin jama'arsu. Dukiya ta yi yawa, mabiya suka ƙaru, har wajen ƙarshen ƙarni na 18 Sarkin Haɗeja na Haɓe ya naɗa shi Sarkin Filanin Haɗeja. Mai wannan sarauta shi ke tsayawa tsakanin fada da makiyaya. Ta hannunsa a ke karɓar jangali, in kuwa shanu sun yi ɓarna a gona shi a ke nema. Umaru ya zauna Rinde, dab da gari. Wannan ita ce ƙaura ta biyu, da ita gidan ya matso bakin ƙofar birni.

Ana nan cikin wannan hali sai labari ya zo daga yamma, Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya yi hijira zuwa Gudu a 1804, kuma jama'arsa sun kori rundunar Gobir a Tafkin Kwatto. Umaru ya aiki ƙanensa Sambo wurin Shehu, ya komo da tuta a 1805. Nan ne sunan Sambo ya fara fita. Sarkin Haɗeja Abubakar, na ƙarshe cikin Haɓe, bai ja da su ba, ya bi. Ba a daɗe ba Auyo da Gatarwa da Garun Gabas da Kazura suka shiga hannu. Fagi da Dawa kuwa aka bar wa ɗan'uwansu Laraima, wanda aka sani da Sarkin Marma.

Umaru bai ci moriyar wannan nasara da daɗewa ba, ya rasu a 1808. Ɗansa Mamman Kankiya ya gaje shi, shi ma bai cika shekara ba Allah ya yi masa cikawa. Sa'an nan sarauta ta faɗo kan Sambo.

Da ya hau sai ya yi abin da wansa bai yi ba, ya bar Rinde ya shiga cikin Haɗeja ya zauna. Wannan ita ce ƙaura ta uku, kuma ita ce ta ƙarshe. Ya faɗaɗa garin, ya kewaye shi da ganuwa, ya gina masallacin Jumma'a. Haɓen da ya tarar bai kore su daga ƙasar ba, suka koma gefen gabas na gari suka zauna. Dalilin wannan shawara a fili ya ke. Haɗeja ita ce bakin iyakar daular Sakkwato ta fuskar Barno, Barno kuwa ba ta mutu ba. Ko da yake an ci Birnin Gazargamu a 1808, Shehu Laminu na Kanem ya sake ɗaure mata gindi, har ya kawo yaƙi cikin ƙasar Kano wajen 1826, sai da Sarkin Bauci Yakubu ya tare shi. Wanda ke zaune a irin wannan wuri, ruga ba ta tsare shi, sai ganuwa. Kuma in ganuwa ta tsaya, talaka ya iya yin shuka yana da tsammanin shi zai girbe.

Sambo ya yi shekara 37 yana sarauta. Ya yi zamani da Shehu, da Sarkin Musulmi Bello, da Atiku, da Aliyu Babba. A hannunsa ƙananan sarautun nan da ke warwatse suka zama ƙasa guda mai fada guda. Da tsufa ya kama shi, a 1845, ya yi murabus ya ba ɗansa Garko. Garko ya yi shekara 2 ya rasu. Aka naɗa wani ɗan, Abdulƙadir, shi ma ya rasu a 1848. Tsohon ya ga mutuwar 'ya'yansa biyu a kan gadon da ya sauka dominsu. Tilas ya sake karɓar sarauta na ɗan lokaci, a cikin shekaran nan kuma ya cika.

Abin da ya gina ya tsaya, amma maganar gado ta zama masifa. Ɗansa Ahmadu ya so ya gaje shi, sai Buhari, wani ɗan nasa, ya riga ya kama fada. Da Buhari ya sa aka kashe ɗan'uwansu Sarkin Auyo Nalara, Sakkwato ta tuɓe shi a 1850 ta naɗa Ahmadu. Shekara na kewayowa Buhari ya komo da yaƙi, aka kashe Ahmadu. Ya ƙi bin Sakkwato, ya karya rundunar da aka aiko masa a Kafur a 1853, ya ci Marma ya haɗa ta da Haɗeja. Ya mutu a 1863 wajen yaƙi da Bade a Gogaram. Ƙasa ta yi faɗi a zamaninsa, amma ƙauyuka da yawa na maƙwabta sun watse.

Bayan Buhari ɗansa Umaru ya yi shekara 2, sa'an nan Haru ɗan Sambo ya hau a 1865. Ka ga ke nan 'ya'yan Sambo biyar suka ci sarauta: Garko, Abdulƙadir, Buhari, Ahmadu, da Haru. A gidan Haru ta tabbata. Ya yi shekara 20, ɗansa Muhammadu ya gaje shi a 1885, shi ne Mai Shahada, wanda ya faɗi a yaƙi da Turawa cikin watan Afrilu 1906. Daga nan sai Haru, 1906, sai Abdulƙadir, 1909, sai Usman, 1925, sai Haruna, 1950, sai Abubakar Maje, 1984, sai Adamu Abubakar Maje da aka naɗa a 2002.

Fadamar da ta jawo Harɗo Abdure tana nan, sai dai ta ƙuntata. Tun da aka datse ruwa a Tiga a 1974, aka kuma datse na Calawa a 1992, ambaliya ba ta kai inda ta ke kaiwa da, mutane kuwa sun ƙaru. Shi ya sa ƙarar manomi da makiyayi a kan burtali da mashaya ba ta yankewa. Wanda aka kawo wa irin wannan ƙara ya tuna gidan sarauta kansa da baƙunci ya fara a Jarmari, kuma sarautar fari da ya riƙa ta sasanta mai gona da mai shanu ce. Ya tuna kuma da Sambo ya sami iko ya bar waɗanda ya tarar da wurin zamansu.

Allah ya ji ƙan Sambo, ya gafarta wa magabata, ya zaunar da ƙasar Haɗeja lafiya. Amin.