Theresa Wallach, Baturiyar da ta Ratsa Hamada da Babur

A zamanin nan babur ya zama kamar jaki, ba ƙauyen da ba shi. Yaro ya kan ɗaura buhun gero biyu a baya ya tashi daga Gadaka ya nufi kasuwar Potiskum, ba wanda zai ɗaga kai ya dube shi. Amma in aka ce mutum ya hau baburin nan ya bar ƙasarsu, ya yi ta ƙetare iyaka bayan iyaka har wata bakwai, nan ne ido zai raina fata. Akwai wata Baturiyar Ingila da ta yi haka tun babur bai zama ruwan dare a ƙasarmu ba, ta Agadas da Kano kuwa ta biyo. Sunanta Theresa Wallach.

An haife ta a Ingila ran 30 ga Afril, 1909. Tun tana yarinya ba abin da ke ba ta sha'awa kamar inji. Iyayenta ba su so ba ko kaɗan, gama a ganinsu wannan aikin maza ne, ga dauɗar baƙin mai, ga haɗari. Ta dai koyi hawan babur ba da son ransu ba. Da ta nemi shiga ƙungiyar masu babur ta wajensu aka ƙi ta, ba don kome ba sai don ita mace ce. Cikin 1928 ta ci jarrabawa aka ɗauki nauyin karatunta a wata kwaleji a Landan, ta koyi aikin injiniya. Ku riƙe wannan da kyau, domin shi ne ya fisshe ta a Agadas.

A Ingila a lokacin akwai wani filin sukuwar motoci da babura mai suna Brooklands. Can ta haɗu da wata mai suna Florence Blenkiron, wadda ta girme ta da shekara biyar, ita ma gwanar babur ce. Florence tana da ƙawa da ta ƙaura zuwa Afirka ta Kudu, tana son ta kai mata ziyara. Kowa ya san jirgin ruwa a ke shiga a je can. Su kuwa suka ce ta tudu za su bi, su ratsa Afirka tun daga kanta har ƙafarta. Mutane suka yi musu dariya. Da kyar suka sami kamfanin da ya yarda ya ba su babur, wani ƙato mai suna Panther, injinsa silinda ɗaya, ƙarfinsa 600. Aka ɗaura masa akwati mai ƙafa guda a gefe inda ɗayarsu za ta zauna, a baya kuma yana jan wata 'yar amalanke ta kaya da tanti.

To, tafiya irin wannan hanya biyu gare ta, akwai ta ƙasa, akwai ta takarda, kuma sau da yawa ta takardar ta fi wuya. Mutum yana bukatar fasfo da izinin shiga, wannan kowa ya sani. Abin da ba kowa ya sani ba shi ne babur ma yana da nasa takardu. Ma'aikacin kwastan ba ruwansa da gajiyarka. Shi abin da ya ke tsoro kada ka shigo da babur da sunan wucewa, ka sayar a ƙasarsu ba a biya kuɗin fito ba. Saboda haka sai ka ajiye jingina, ko ka kawo takardar wani da ya tsaya maka, a buga hatimi ran da ka shiga, a sake bugawa ran da ka fita. In hatimin fita ya ɓace, kamar ka sayar da baburin ke nan, sai biya.

Ran 11 ga Disamba, 1934, suka tashi daga Landan, jama'a suka taru suka yi musu sallama. Suka ratsa Faransa, suka shiga jirgin ruwa suka ƙetare Bahar Rum, suka sauka Aljiyas. Daga nan suka fuskanci kudu, ta Ghardaia da El Golea da In Salah, zuwa Tamanrasset cikin duwatsun Hoggar. Aljeriya a hannun Faransawa ta ke a sa'an nan, kudancinta kuwa soja ke mulki. Kowane zango akwai bariki, kowane bariki akwai hafsa, kuma ba ka wuce gaba sai ya yarda. Hafsoshin nan ba su ga dalilin da zai sa su bar mata biyu su shiga rairayi da babur ba. Kada mu yi saurin ganin laifinsu: in matafiyi ya ɓace su ne za su fita nema, da motarsu da mansu da ransu. Haka matan nan suka yi ta gardama da lallashi daga bariki zuwa bariki, sai an sa musu hannu su ci gaba.

Lokacin hunturu ne, da rana zafi, da dare sanyi mai ratsa ƙashi. Ba su da kamfas, watau 'yar na'urar nan mai nuna arewa. Sawun motocin da suka riga su su ke bi, in iska ba ta share shi ba. Babur mai akwati a gefe da amalanke a baya ba abin da ya ƙi jini kamar yashi mai laushi. Ya kan kafe, su sauka su sauke kaya, su haƙa, su tura, su koma su ɗauko kayan a ka, can gaba kaɗan ya sake kafewa. Ruwa kuwa da awo a ke sha. Daga Tamanrasset suka bi ta In Guezzam suka shiga ƙasar Nijar. Iyakar nan ba katanga ba kogi, kuma tuta ɗaya ce ta kowane gefe, ta Faransa, amma duk da haka mulki ya sake, an bar hannun Gwamnan Aljiyas an shiga na Afirka ta Yamma.

Cikin wannan jeji injin ya mutu murus. Akwai inda suka tura baburin da hannu har mil 25. A Agadas, garin Sarkin Abzin, inda ayarin Buzaye ke tashi zuwa Bilma ɗaukar gishiri, suka yada zango na makonni. Suka kwance injin nan kaf, suka sake haɗa shi da hannunsu. A nan ni ke son ɗalibai su tsaya su yi tunani. Ƙarfin zuciya shi ya kawo su Agadas, amma da shi kaɗai gare su, da a can tafiyar ta ƙare, a sa baburin a inuwa yara su yi ta wasa da shi. Karatun 1928 ne ya tashe shi. Mu kan ga matasa da yawa da sun iya gudu da babur, amma in fulogi ya yi baƙi sai su zauna bakin hanya suna jiran makanike.

Daga Agadas suka gangaro kudu suka shigo Nijeriya, suka sauka Kano. Wannan iyaka da suka ƙetare ba ta kai shekara talatin da kafa alamunta ba. Ingila da Faransa ne suka yi ta ciniki a kanta cikin 1898 da 1904 da 1906, sa'an nan jami'ansu suka bi ta suna kafa alamu daga 1906 zuwa 1908, tun daga kogin Kwara har tafkin Cadi. Ita ce ta raba Katsina da Maraɗi, ta bar Damagaram a wancan gefe, ita ce kuma ta bi ta arewacin jiharmu ta Yobe. Bahaushen da ke gefen nan da na gefen can harshensu ɗaya, danginsu ɗaya. Amma ga mai babur kome ya juya. Can da faran a ke ciniki, nan da sule da kwabo. Can kilomita, nan mil. Can hannun dama a ke bi, nan hannun hagu, gama Nijeriya ba ta koma bin dama ba sai cikin Afril 1972. Ga 'yan Ingila biyu wannan kamar sun iso gida ne, ga shi kuma Kano tana da jirgin ƙasa da gidan waya da kantunan Turawa.

Ba su daɗe da jin daɗin ba suka nufi gabas, suka koma ƙasar Faransawa, suka bi ta Fort Archambault a Cadi, garin da yanzu a ke kira Sarh. Sa'an nan kurmin Kwango, wadda ke hannun Beljiyam, inda rairayi ya ƙare taɓo da koguna suka karɓa. Daga nan Uganda, Kenya, Tanganyika, Rodeshiya ta Arewa da ta Kudu, watau Zambiya da Zimbabuwe na yanzu. Ran 29 ga Yuli, 1935, suka shiga Cape Town, bayan sun yi mil 13,500. Sun ɗauko hotuna da sinima a hanya, ga su nan har yanzu.

A Cape Town tafiyar tasu ta rabu. Theresa ta koma gida ta jirgin ruwa. Florence ta sami sabon babur ta juyo ita kaɗai, ta sake ratso Afirka har Kano. Nan aka tsai da ita, hukuma ta ƙi yarda ta shiga hamada ba abokin tafiya. Macen da ta ci kurmin Kwango sau biyu, ga ta a Kano takarda ta gagare ta. Sai cikin 1936 ta isa Landan.

In ka bi sawunsu yau, ƙasashe masu mulkin kansu fiye da goma sha biyu za ka ratsa, kowace da kwastan nata da sojanta, alhali su a Afirka kusan tuta uku kaɗai suka yi ma'amala da ita, ta Faransa da ta Ingila da ta Beljiyam. Kada kuma mu manta farar fata gare su, zamanin kuwa na Turawa ne. Ƙofar da aka buɗe musu bayan gardama, baƙin mutum ba zai ma sami damar gardamar ba. A yankinmu an sami sauƙi da yarjejeniyar ECOWAS ta 1979, wadda ta ba ɗan ƙasashen ƙungiyar izinin kwana 90 ba biza. Amma mun ga an rufe iyakokin Nijeriya na tudu daga Agusta 2019 zuwa Disamba 2020, aka sake rufe ta Nijar cikin 2023, cikin Janairu 2025 kuma Nijar ta fita daga ƙungiyar.

Mu koma ga Theresa. Cikin 1939 ta hau wani babur Norton a Brooklands ta zaga filin da gudun da ya wuce mil 100 a sa'a, aka ba ta lambar Tauraron Zinariya. Mata uku kaɗai suka taɓa samun wannan lamba, Florence ce ta farkonsu, cikin 1934. Da yaƙin Hitila ya tashi ta shiga aikin soja, ta yi makanikanci, ta kuma zama mace ta farko da sojan Ingila ya ba aikin kai saƙo a kan babur.

Bayan yaƙi, cikin 1947, ta tafi Amurka. Shekara biyu da rabi tana yawo, ta shiga Kanada ta shiga Meziko, mil 32,000. In guzuri ya ƙare sai ta tsaya ta kama aikin da ta samu, ta tara kuɗin mai, ta yi gaba. Daga baya ta zauna a Shikago ta buɗe kantin sayar da baburan Ingila da gyaransu. Can ta lura yawancin masu sayen babur ba wanda ya koya musu hawa, sai ta shiga koyarwa. Ashe malama ce irinmu. Cikin 1970 ta wallafa littafin koyon hawan babur, cikin 1973 ta sayar da kantin ta koma Phoenix a jihar Arizona ta buɗe makarantar koyon babur. Tana cikin shugabannin farko na ƙungiyar mata masu babur ta duniya.

Ba ta taɓa mallakar mota ba. Ta yi ta hawan babur har ta kai shekara 88, sa'an nan ido ya hana ta. Ta rasu ran 30 ga Afril, 1999, ranar da ta cika shekara 90 daidai. Labarin tafiyar Cape Town da ta rubuta, mai suna The Rugged Road, bai fito ba sai cikin 2001, shekara biyu bayan rasuwarta.