PAPAROMA YOHANNA NA 23: TSOHON DA AKA ZAƁA DON RIƘON ƘWARYA

Daga Wakilinmu na Arewa, Lafiya

Duk wanda ya bi ta kusa da babbar majami'ar Katolika ta St. William a nan Lafiya ran Lahadi da safe zai ji ana waƙa da Hausa, ana buga tulu da ganga, matan Zumunta suna amsawa. Yaran yanzu sun ɗauka haka abin yake tun fil azal. Ba haka ba ne. Kafin shekarar 1965, fada yakan juya wa jama'a baya ya karanta addu'ar Mas da harshen Latin, mutumin Eggon da Alago da Tibi da Migili suna durƙushe a bayansa, kusan babu wanda yake fahimtar abin da ake faɗi. Wanda ya ɗauko hanyar sāke wannan al'amari wani tsoho ne mutumin Italiya, wanda bai taɓa taka Nijeriya ba, kuma shekara huɗu da wata bakwai kaɗai ya yi a kan kujerar Paparoma.

Sunansa na yanka Angelo Giuseppe Roncalli. An haife shi ran 25 ga Nuwamba 1881 a wani ƙauye da ake kira Sotto il Monte, kusa da garin Bergamo a arewacin Italiya. Shi ne na huɗu cikin 'ya'ya 13. Iyayensa talakawa ne, gonar wani mai ƙasa suke nomawa, in kaka ta yi a raba amfani da shi. Yana da shekara 11 ya shiga makarantar koyon aikin fada a Bergamo, yana da kamar 14 ya fara rubuta abin da ke cikin zuciyarsa a wani littafi na kansa, bai kuwa daina ba sai da ya kusa mutuwa. Bayan rasuwarsa aka buga littafin. Wanda ya karanta zai ga irin ibadar mutanen karkara ce tsantsa: addu'a a kan lokaci, jan carbi, binciken kai kowane dare, da yawan gargaɗin kansa a kan girman kai da surutu. Ba za ka ce wannan mutum zai girgiza komai ba.

An naɗa shi fada a 1904. Daga 1905 zuwa 1914 ya zama magatakardan Bishop Radini-Tedeschi na Bergamo, a wurinsa kuwa ya sha wani karatu da ba a yi masa a makaranta ba. A 1909 ma'aikatan wata masaƙa a garin Ranica suka yi yajin aiki, bishop ɗin ya goyi bayansu har ya ba da gudummawar kuɗi, masu hannu da shuni suka kai ƙararsa Rum. Roncalli ya tsaya tare da maigidansa. Tun daga wannan zamani waɗansu manya a fadar Batikan suka riƙa yi masa kallon mai son sababbin ra'ayoyi. Da Yaƙin Duniya na Ɗaya ya ɓarke aka ɗauke shi soja, ya yi saje a sashen jinya, daga baya ya zama limamin sojoji.

To, a nan ne ya kamata mai karatu ya dakata, domin a ganina shekaru ashirin da suka biyo baya su ne mabuɗin rayuwar mutumin nan. A 1925 aka yi masa bishop aka tura shi ƙasar Bulgeriya wakilin Paparoma. Wannan ba muƙamin da ake rububi ba ne. Mafi yawan mutanen ƙasar Kiristocin Otodoks ne, waɗanda suka rabu da Rum tun ƙarni na 11, 'yan Katolika kuwa 'yan tsiraru ne a warwatse cikin ƙauyuka. Mutumin da ya tashi a ƙasar da kowa ɗan Katolika ne, ga shi yau ya zama baƙo, marar rinjaye. Ya riƙa hawa doki da keken shanu yana bin ƙauyuka, ya riƙa kai gaisuwa ga shugabannin Otodoks a lokacin da ba a saba yin haka ba. Da girgizar ƙasa ta auka wa Bulgeriya a 1928, ya raba taimako bai tambayi kowa ɗarikarsa ba.

Shekara goma ya yi can, sa'an nan a farkon 1935 ya koma Istanbul, wakili a Turkiyya da Girka. Yanzu kuma cikin Musulmi ya zauna, ƙarƙashin mulkin Mustafa Kemal Ataturk, wanda gwamnatinsa ta hana malaman kowane addini sa tufafin malanta a kan titi. Waɗansu fada-fada suka fusata. Roncalli ya ɗinka kwat da wando ya sa, ya ci gaba da aikinsa. Ya fara koyon Turkanci yana da shekara hamsin da 'yan kai, ko da yake bai taɓa ƙwarewa ba, ya kuma shigar da harshen cikin waɗansu addu'o'in coci. 'Yan Katolikan Istanbul galibi 'yan asalin Faransa da Italiya ne, masu raina harshen ƙasar da suke zaune, saboda haka aka yi ta gunaguni. Bai janye ba. A lokacin Yaƙin Duniya na Biyu kuma ya yi amfani da ofishinsa ya taimaki Yahudawa masu gudun kisan Hitila, yana isar da takardun da za su ba su hanyar tsira. Mu da muke zaune a gari irin Lafiya, inda Musulmi da Kirista suke cin kasuwa ɗaya, muna iya gane abin da zama irin wannan yake koya wa mutum fiye da yadda manyan Rum na lokacin za su gane.

A ƙarshen 1944 aka aike shi Faransa jakada, inda gwamnatin Janar de Gaulle take neman a tuɓe bishop-bishop masu yawa da ake zargi da haɗa kai da Jamusawa. Da lallashi da raha ya rage su zuwa 'yan kaɗan. A 1953 ya zama kadinal kuma shugaban cocin birnin Venice, kowa ya ɗauka can zai ƙare kwanakinsa.

Paparoma Pius na 12 ya rasu a watan Oktoba 1958. Kadinal-kadinal suka shiga zaɓe, sai a zagaye na 11, ran 28 ga watan, suka tsaya a kan Roncalli, yana da shekara 76. Abin da aka fahimta shi ne an zaɓi tsoho mai sauƙin hali wanda zai riƙe kujera 'yan shekaru kafin a sami wanda ake so. Ya ɗauki sunan Yohanna, wanda Turawan Ingila suke cewa John. A Kirsimetin farko ya fita ya gaida yara marasa lafiya a asibiti, kashegari ya shiga kurkukun Regina Coeli ya zauna da fursunoni, har ya ba su labarin wani ɗan'uwansa da aka taɓa ɗaurewa saboda farauta ba izini. Ya kuma ƙara wa ma'aikatan Batikan albashi. Mutanen Rum suka laƙaba masa Paparoma nagari.

Bai cika wata uku a kan mulki ba, ran 25 ga Janairu 1959, ya shaida wa kadinal-kadinal cewa zai kira taron dukan bishop-bishop na duniya. Rabon da a yi irin wannan taro tun 1870. Waɗanda suka ji sanarwar suka yi tsit, domin a ganin yawancinsu babu abin da ya lalace balle a gyara. Shi kuwa nufinsa a sabunta coci ta yadda za ta iya magana da mutanen zamaninta, ta kuma matsa kusa da waɗanda ta daɗe tana juya wa baya.

Bai jira taron ba ya fara. A 1959 ya sa aka cire kalmar da take siffanta Yahudawa da rashin amana daga addu'ar Juma'ar tunawa da gicciye Almasihu, aka kuma cire wata magana mai ɓata wa Musulmi rai daga wata addu'ar. A 1960 ya kafa ofishin neman haɗin kan Kirista, ya kuma karɓi Geoffrey Fisher, shugaban cocin Angilikan, ziyarar da ba a taɓa yin irinta ba cikin shekara 400.

Mu a Afirka abin da ya fi shafarmu shi ne batun 'yan ƙasa. A watan Nuwamba 1959 ya fitar da wasiƙa yana jaddada cewa lokaci ya yi da 'ya'yan ƙasashen mishan za su riƙe cocinsu da kansu. A watan Maris 1960 ya naɗa Laurean Rugambwa na Tanganyika kadinal, baƙar fata na farko daga Afirka a wannan zamani, tare da na farko daga Japan da na farko daga Filifin. A watan Mayu na shekarar ya naɗa Paul Zoungrana na Wagadugu da Bernard Yago na Abijan bishop da hannunsa. A 1962 ya sa Martin de Porres na ƙasar Peru, wanda uwarsa baiwa ce da aka 'yanta, cikin jerin waliyyan coci. A zamaninsa ne, cikin 1959, Kaduna ta sami babban bishop na farko, John McCarthy, haka kuma yankin Binuwai, wanda Lafiya take ciki a lokacin, ya zama cikakken dayosis, wanda aka sa wa sunan Makurɗi a 1960.

An buɗe taron, wanda ake kira Taron Batikan na Biyu, ran 11 ga Oktoba 1962, da bishop wajen 2,500, ga kuma 'yan kallo daga cocin Angilikan da Furotesta da Otodoks an ba su wurin zama na girmamawa. A jawabinsa ya nuna rashin yarda da masu ganin duniya kullum lalacewa take yi, ya ce coci ta fi bukatar nuna jinƙai bisa ga yawan la'anta. A wannan lokaci likitoci sun riga sun gano yana da ciwon daji a ciki. Bai cika sa baki a muhawara ba, yana ɗakinsa yana saurare. Amma a watan Nuwamba aka kawo wata takarda da jami'an Batikan suka tsara a kan tsohon salo, bishop 1,368 suka ce a yi watsi da ita, 822 suka ce a ci gaba. Bisa doka sai an sami kashi biyu cikin uku, ba a kuwa samu ba. Kashegari Paparoma ya janye takardar da kansa, ya kafa sabon kwamiti. Daga ranar bishop-bishop suka san taron nasu ne, ba na ma'aikatan fada ba.

Cikin wannan tsakani ne Amurka da Rasha suka kusa gwabza yaƙin nukiliya a kan Kuba, ya yi kira ta rediyo ran 25 ga Oktoba 1962 a koma teburin shawara. A watan Afrilu 1963 ya fitar da wasiƙarsa ta ƙarshe mai suna Pacem in Terris, watau zaman lafiya a duniya, wadda ya aika wa dukan mutane masu kyakkyawar niyya, ba 'yan Katolika kaɗai ba. A ciki ya yi maraba da abu uku: ɗaukakar ma'aikata, shigar mata harkokin jama'a, da ƙarewar mulkin mallaka. Ya rasu ran 3 ga Yuni 1963, zama ɗaya kaɗai na taron ya gani cikin huɗu.

Kada mai karatu ya ɗauka mutumin nan ɗan juyin juya hali ne. A watan Fabrairu 1962 shi da kansa ya sa hannu a kan dokar da ta ƙarfafa koyar da Latin. A zamaninsa aka rufe shirin fada-fada masu aikin ƙwadago a masana'antun Faransa. Duk da yabon da ya yi wa mata, ko mace ɗaya ba a gayyata zaman da ya shugabanta ba, sai a 1964 magajinsa Paul na 6 ya shigar da waɗansu su saurara. Har yau mata ba sa zama fada a cocin Katolika, alhali ko a nan Lafiya su ne suka fi cika benci.

Paul na 6 ne ya ƙarasa taron a watan Disamba 1965. A ƙarshen 1963 aka yarda a yi ibada da harsunan mutane, daga nan Hausa da Tibi da Ibo suka sami shiga. Ran 28 ga Oktoba 1965 aka zartar da takardar da ta ce coci tana girmama Musulmi, masu bauta wa Allah ɗaya, masu girmama Annabi Isa da Maryamu, masu salla da zakka da azumi, ta kuma nemi ɓangarorin biyu su bar tsohuwar gaba. Cikin waɗanda suka halarci zaman ƙarshe akwai Francis Arinze na Onica, yana da shekara 32, wanda daga 1984 zuwa 2002 ya shugabanci ofishin Batikan na hulɗa da sauran addinai.

Ba kowa ya ji daɗi ba. Babban abokin hamayyar sauye-sauyen shi ne Marcel Lefebvre, tsohon babban bishop na Dakar, wanda a lokacin taron yake shugabantar ƙungiyar Fada-fadan Ruhu Mai Tsarki, watau ƙungiyar da 'ya'yanta suke aikin mishan a Makurɗi da Lafiya. Ya bar shugabancinta a 1968, ya kafa tasa ƙungiya a 1970, Rum ta yanke shi daga coci a 1988.

A Arewa kuwa mulkin coci ya koma hannun 'yan ƙasa sannu a hankali: Gabriel Ganaka a Jos a 1974, Peter Jatau a Kaduna a 1975, Athanasius Usuh a Makurɗi a 1989. An ɗaga Yohanna na 23 zuwa matakin mai albarka a watan Satumba 2000, Paparoma Francis ya sa shi cikin waliyyai ran 27 ga Afrilu 2014. A watan Disamba na 2000 ɗin nan aka yanko dayosis ɗin Lafiya daga Makurɗi da Jos, aka ba Matthew Ishaya Audu, ɗan wannan jiha. Da aka mai da shi Jos a 2020, David Ajang ya gaje shi a 2021.