Tenzing Norgay: ɗan dakon da ya san hanyoyi biyu na hawa Everest

Dutsen Everest, mai tsawon mita 8,849, yana kan iyakar Nepal da Tibet, kuma manyan hanyoyin hawansa biyu ne: ta arewa da ta kudu. Kaɗan ne a zamaninsa suka san su duka biyun kamar Tenzing Norgay.

An haife shi a 1914, ya tashi a yankin Khumbu na Nepal cikin ƙabilar Sherpa, yana kiwon shanun tsaunuka da ake kira yak. Bai yi makaranta ba. Yana saurayi ya bar gida ya tafi ci-rani garin Darjeeling na Indiya, inda Turawa masu hawan dutse ke ɗaukar ƴan dako. A 1935 Baturen Ingila Eric Shipton ya ɗauke shi aiki.

A lokacin Nepal ba ta barin baƙi su shiga, don haka sai a zagaya ta Tibet. Hanyar arewa tana bi ta ƙanƙarar Rongbuk zuwa wani sirdi mai tsawon kusan mita 7,000, daga nan a hau doron dutse mai iska mai tsanani da matakan duwatsu masu wuyar hawa. A nan George Mallory da Andrew Irvine suka ɓace a 1924. Tenzing ya bi wannan hanya a 1935, 1936, 1938 da 1947, kowane karo aka juyo ba a kai ƙololuwa ba.

Da Sin ta shiga Tibet a 1950, ƙofar arewa ta rufe, a daidai lokacin da Nepal ta fara buɗe tata. Hanyar kudu ta ratsa yankin da Tenzing ya yi kiwo, amma haɗarinta tun daga ƙasa yake. Sai an keta ƙanƙarar Khumbu, wadda ke motsi kullum, tana tsagewa, tana rufto da ɓaraguzai masu girman gida. Daga nan sai kwari, sai gangaren dutsen Lhotse, sai sirdin kudu a kusan mita 7,900. A 1952 shi da Raymond Lambert ɗan Suwizalan sun kai kusan mita 8,600 ta wannan hanya, inda ba wanda aka san ya taɓa kaiwa, kafin ƙarfinsu ya ƙare.

A karo na bakwai haƙarsa ta cimma ruwa. Yana shugaban ƴan dako a tawagar John Hunt, shi da Edmund Hillary, mai kiwon zuma daga Niyu Zilan, suka taka ƙololuwa ranar 29 ga Mayu 1953 da ƙarfe 11:30 na safe. Kimanin minti 15 suka yi. Hoton da duniya ta sani na wannan rana, Tenzing ne a ciki.

Sai dai rabon yabo bai zo daidai ba. Ingila ta ba Hillary da Hunt sarautar Sir, shi kuwa lambar yabo ta George. Indiya da Nepal kowacce ta ce nata ne. A 1954 ya zama shugaban horarwa a cibiyar koyar da hawan dutse ta Darjeeling, inda ya yi shekaru yana koyar da matasa. Ya rasu a garin ranar 9 ga Mayu 1986.

Hanyar arewa da ta gagare shi, tawagar Sin ta kai ƙololuwa ta cikinta a 1960. Yau mafi yawan masu hawa ta kudu suke bi, kuma har yanzu ƴan Sherpa ne ke ɗaure igiya, su kafa tsani, su kai kaya. A Afrilun 2014 ƙanƙarar Khumbu ta kashe ma'aikata 16 ƴan Nepal a safiya ɗaya.